Sabuwar jitar bes ta zo da aibi tun daga kwali: a mayar ko a gyara?

"Salamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar jitar bes mai tsirkiya huɗu, a kwalinta ta zo, har da katin da mai dubawa na kamfani ya sa wa hannu. Amma tun ranar da na fito da ita nake ganin abubuwa. Tsirkiyar G, wato mafi siranta, ta matsa bakin wuya, har takan zame in na danna. Daga firet (ƙarafan da aka jera a kan wuya) na 14 zuwa sama tana yin zirrr. Bakin ƙarafan firet yana kartar hannu. In na jona ta da amfilifaya tana ƙugi, in na taɓa tsirkiya sai ƙugin ya ragu. Akwai sauti ɗaya a tsirkiyar G, wajen firet na 6, da yake mutuwa da wuri. Sannan ga wani siririn tsagu a fenti, inda wuya ya shiga gangar jiki. Jabu aka sayar mini ko haka suke zuwa? Ta yaya irin wannan ke wuce masu dubawa? In mayar ko in kai gyara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Koke shida ka kawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu saiti ne da ba a ƙarasa ba. Wasu sun faru ne bayan jitar ta bar masana'anta, lokacin mai dubawa ya riga ya sa hannu ya wuce ta gaba. Ɗaya daga ciki ma ba aibi ba ne, halin irin wannan jita ne. Abin da zai yanke hukuncin a mayar ko a riƙe kuwa ba ka ambace shi ba, wato lafiyar wuyan da sandar ƙarfen da ke cikinsa. Kafin komai dai, muddin damar mayarwa tana nan, kada ka ɗora wa jitar magagari ko samfefa, kada ka narka dalma a cikinta. Da zarar ka goge ƙarfe ɗaya, mai sayarwa ya sami hujjar cewa kai ka ɓata.

Yadda ake ƙera ta, da inda kuskure ke shiga

Yawancin jitocin bes da ke hannun mutane yau suna bin tsarin da Leo Fender ya fito da shi a Fullerton ta jihar Kalifoniya, da Precision Bass a 1951 sannan Jazz Bass a 1960. Mutumin mai gyaran rediyo ne, tunaninsa na mai haɗa na'ura ne: a yanka gangar jiki daban, a yi wuya daban, a haɗa su da sukuru huɗu. Wannan ya sa ana iya ƙera dubbai cikin sauƙi, kuma ya sa gyara ya yi sauƙi, don ana iya cire wuya a sa wani. Amma ya kuma haifar da mahaɗa, wurin da abubuwa biyu da aka yi a tebura daban-daban dole su dace da juna. Matsalarka ta farko da ta ƙarshe duk a wannan mahaɗa suke.

Yankan katako yanzu aikin inji ne da kwamfuta ke sarrafawa. Kamfanin Peavey na cikin waɗanda suka fara wannan a ƙarshen shekarun 1970, zamanin bes ɗinsu mai suna T-40, yau kuwa har masana'antun da ke yin masu araha a Indonesiya da Sin haka suke aiki. Saboda haka kuskuren awo, irin a ce an tsaga gurbin firet ba a wurinsa ba, ya yi ƙaranci ƙwarai. Lissafin sananne ne: tsawon tsirkiya mai kaɗawa inci 34 ne, wato milimita 864, ana raba shi da 17.817 a sami wurin firet na farko, a raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe, firet na 12 ya faɗo daidai tsakiya. Inji ba ya mantuwa a irin wannan. Abin da inji bai iya ba shi ne hana katako motsi, da kuma aikin ƙarshe da hannu ke yi: dasa ƙarafan firet, daidaita tsayinsu, goge bakinsu, tsaga matashin tsirkiya da ke saman wuya, liƙa wayoyi, da saiti.

Bes ta fi jita mai tsirkiya shida wahala ta wannan fuska. Wuyanta ya fi tsawo, kuma tsirkiyoyinta huɗu na matsakaicin kauri suna jan sa da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 80, dare da rana, alhali na jitar lantarki mai shida sau da yawa bai kai kilo 50 ba. Tsirkiyar E, mafi kauri, tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa, saboda haka lilonta yana da faɗi, tana buƙatar sarari a ƙarƙashinta. Ɗan kuskuren da zai ɓoye a ƙaramar jita, a bes sai ya fito fili.

Ana busar da katako har danshinsa ya sauka wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin a yanka. Masana'antar da ke da haƙuri takan yanka wuya gwargwado, ta ajiye shi ya huta, ya yi duk motsin da zai yi, sannan ta ƙarasa. Wadda oda ta yi wa yawa takan taƙaita wannan hutu. Wuyan zai fita a miƙe, ya wuce dubawa lafiya lau, sai bayan watanni ya nuna halinsa a hannun mai saye.

Me katin dubawa yake nufi?

Ba ya nufin abin da kake zato. Mai dubawa a layin ƙera masu yawa mintuna kaɗan yake da su a kan kowace jita. Zai duba fenti a ƙarƙashin fitila, ya jona ta ya ji kowane fikof, wato abin da ke ɗauko sautin tsirkiya ya kai wa amfilifaya, yana magana, ya murɗa makunnan ƙara, ya bi wuya da sauri ya ji ko akwai firet da ya toshe sauti, ya auna tsayin tsirkiya ya ga yana cikin iyakar da aka ba shi, ya sa hannu. Iyakar nan ita ce sirrin. Ba a ce masa ya nemi wadda ba ta da aibi ba, an ba shi tazara ne, abin da ya faɗa cikinta ya wuce. Makunnin ƙara da aka rubuta wa 250k a matsayin awonsa, alal misali, galibi an yarda ya sauka ko ya hau da kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa jitoci biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya kan bambanta a kaifin murya, kuma dukansu "daidai" suke a takarda. Bayan haka, kamfanin da sunansa ke kan jitar sau da yawa ba ya buɗe kowane kwali. Yakan zaɓi wasu daga cikin kaya ya duba, in aibin da ya gani bai wuce adadin da aka amince ba, a saki sauran duka.

Kuma sunan da ke kan jita ba lallai shi ne mai masana'antar ba. Manyan masana'antu irin su Cor-Tek, mai jitocin Cort, da FujiGen ta Japan sun daɗe suna ƙera wa wasu kamfanoni kaya. Ma'aikata ɗaya, injuna ɗaya, amma kowace oda da sharuɗɗanta. Wanda ya biya kuɗin a daidaita firet ɗaya bayan ɗaya za a yi masa, wanda bai biya ba a dasa a goge baki a wuce. Shi ya sa ba na yarda da masu yanke hukunci da sunan ƙasa, wai ta wuri kaza ba ta da kyau. Lokacin da Squier, jitocin kamfanin Fender masu sauƙin kuɗi, ta fara fitowa daga Japan a 1982, mutane da yawa sun ga ta kai ko ta fi wasu na Amurka na wancan zamani. Su kansu na Amurka, a shekarun da kamfanin CBS ke riƙe da Fender, daga 1965 zuwa 1985, makaɗa sun yi ta kuka da gurbin wuya mai sako-sako da nauyin da ke karya kafaɗa, musamman na ƙarshen shekarun 1970. Abin da kuɗi ke saya a wannan sana'a, a ganina, lokacin hannun ƙwararre ne a ƙarshen layi. Wasu kamfanoni kan ƙara da injin Plek, wanda aka ƙirƙira a Berlin, yana auna wuya da tsirkiyoyi a ɗaure sannan ya aske kowane firet gwargwadon buƙata. Yana aiki mai kyau, amma shi ma wuyan ranar yake aunawa.

Daga nan sai tafiya. Makonni a kwantena a kan teku, zafi da rana, sanyi da dare, sannan zaman sito. Masana'antu sukan riƙe danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ɗakin da jitar za ta ƙare a ciki bai san da wannan ba.

Fara da wuya

In aka kawo mini sabuwar bes da koke irin naka, ba na kallon fenti ko wayoyi sai na gama da wuya, don duk sauran ana gyara su, wuya mara lafiya kuwa sai canji.

Ka saita muryar tsirkiyoyi daidai. Ka danne E a firet na 1 da kuma na ƙarshe a lokaci guda, wani ya taya ka ko ka sa maɗauri a na farkon. Tsirkiyar ta zama rula ke nan. Ka dubi tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Abin da ake so wajen milimita 0.3 ne zuwa 0.35, kaurin kati mai ɗan tauri. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen, wuyan ya miƙe da yawa ko ya tanƙware baya. In tazarar ta kai milimita ɗaya, ya yi baka da yawa. Ko ɗaya daga cikin biyun ba aibi ba ne tukuna. Sai ka maimaita a ɓangaren G. In E ta nuna tazara mai yawa, G kuwa ta kwanta, ko akasin haka, to akwai alamar murɗewa. Ka ɗaga jitar ka hangi wuyan daga kai zuwa gangar jiki, ka ga ko ƙarafan firet suna jere kamar matakala ko sun fara karkata, na sama suna kallon wani gefe, na ƙasa wani. Ɗan bambanci kaɗan ana samu, har wasu maƙera suna so. Murɗewar da ido ke gani a sabuwar jita kuwa, mayarwa ce, babu dogon zance.

Gwaji na biyu shi ne sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ke turjiya da jan tsirkiyoyi. Tsohuwar dabara ce, tun farkon shekarun 1920 Thaddeus McHugh na kamfanin jita na Gibson ya yi mata rajista. Ana murɗa ta da alanki ko sukudireba, daga kai ko daga gindin wuya. Ɗaurewa yana miƙar da wuya, sassautawa yana barin tsirkiya ta ja shi ya yi baka. Abin da kake so ka sani shi ne ko tana aiki kuma ko tana da sauran wuri. Ka sa makullin da ya zauna daram, ka fara da sassautawa kaɗan, sannan ka ɗaure, kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, ka sake aunawa. In tazarar ta canza, madalla. In ta ƙi motsi, kada ka tilasta, a nan ake karya ta. In tana juyawa sakaka babu abin da ke canzawa, ta tsinke ko gindinta ya kuɓuce. In an riga an ɗaure ta har ƙarshe tun daga masana'anta kuma wuyan yana nan da bakansa, to an cinye maka duk damar gyaran gaba. In an sassauta ta gabaki ɗaya amma wuyan yana tanƙware baya, kuma sandar irin mai aiki ta fuska ɗaya ce, shi ma haka. Waɗannan huɗun su ne aibin ƙira na gaske. Idan hannunka bai saba ba, ka sa mai sayarwa ko mai gyara ya yi gwajin a gabanka.

Zirrr daga firet na 14

Wurin da tsirkiya ke gogar ƙarfe shi ke faɗin dalili. In a sake take yi, ba a danna ba, kuma ta daina da an danna firet na 1, tsagar matashi ta yi zurfi. In a firet biyar na farko ne, wuya ya miƙe da yawa. In a wuri ɗaya tak ne, firet na gaba da shi ya fi 'yan'uwansa tsayi. Naka na sama ne, daga 14, kuma mafi yawan lokuta wannan haɗin abu biyu ne: wuya ya yi baka da yawa a hanya, tsirkiyoyi suka yi sama, sai wani ya sauke jakin tsirkiya, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, don ya rage tsayin maimakon ya ɗaure sandar wuya. Maganin shi ne a bi tsari: a miƙar da wuya zuwa 0.3, sannan a ɗaga jaki har tazarar E da firet na 17 ta kai wajen milimita 2.4, ta G wajen 2. Sau da yawa a nan ƙarar take ɓacewa.

In ba ta ɓace ba, sai a nemi ƙarfe miƙaƙƙe ɗan gajere wanda zai hau firet uku kawai, a bi wuyan da shi. Inda ya yi lilo, na tsakiyar ya yi tsayi. Sai a duba ko bai zauna ba ne: in siririyar takarda ta shige ƙarƙashin kafaɗarsa, dasawar ce ba ta yi ba, a danna shi a sa gam. In ya zauna amma ya fi tsayi, a aske shi. Wannan sakaci ne na masana'anta, amma ƙaramin aiki ne.

Mai wuyar ita ce ta uku. Sandar ƙarfe ba ta da iko sosai a kan ƙarshen wuya, inda ya yi kauri ya kwanta cikin gangar jiki. Wani lokaci wannan yanki yakan ɗaga, firet na ƙarshe-ƙarshe su yi tudu. A tsohuwar jita abu ne da ake gani, a aske ƙarafan ƙarshen a ci gaba. A sabuwa kuwa ba na son ganinsa, domin katakon da ya fara haka tun yanzu bai gama ba. In dogon rula ya nuna tudun a fili, ni zan mayar.

Ka kuma tabbata ƙarar tana fita ta amfilifaya. Bes da ba a jona ba kusan kullum tana ɗan zirrr, musamman da sababbin tsirkiyoyi da hannu mai nauyi. Wadda lasifika ba ta ɗauko ba, ba matsala ba ce.

Tsirkiyar G da ke zamewa

Ka auna daga E zuwa bakin wuya, da daga G zuwa nata bakin, a firet na ƙarshe. Ya kamata su yi kusan daidai, milimita uku zuwa huɗu kowanne. In bambancin ƙarami ne a sama amma yana ƙaruwa yayin da ake gangarowa, wuyan ne ya karkata a gurbinsa, ko wajen haɗawa ko da kwalin ya sha bugu. Gyaran minti biyar ne: a sassauta sukurori huɗun kaɗan, tsirkiyoyi na ɗaure, a ja kan jitar gefe har tazarar ta daidaita, a riƙe, a sake ɗaurewa. In matsalar tun daga firet na farko take, tsagar matashi ce ba a raba daidai ba, a canza matashi. In wuya ya zauna cif a gurbinsa babu wurin motsi, kuma tsirkiyoyin sun kauce wa tsakiyar fikof duka gefe guda, to jakin ne aka dasa a karkace. Ana gyarawa, a toshe ramuka a huda sababbi, amma ba aikin da ya kamata mai sabuwar jita ya biya ba ne.

Tunda kana wurin, ka gwada ko an dasa jakin a nisan da ya dace. Ka kaɗa tsirkiya a sake, ka saita ta da na'urar saita murya, sannan ka danna firet na 12. In sautin ya haura, a ja ɗan jakin wannan tsirkiya baya, in ya gaza, a tura shi gaba. Idan sukurun ya ƙare amma sautin bai daidaita ba, ka gwada da sabuwar tsirkiya tukuna, don tsirkiyoyin da ke zuwa da jita sukan yi ƙarya. In har yanzu haka ne, aibin ƙira ne.

Ƙarafa masu kartar hannu

Katako yana tsukewa in iska ta bushe, ƙarfe ba ya tsukewa. Allon wuya ya ragu da ɗan abin da ido ba ya gani, sai bakin ƙarafan ya leƙo. Ka shafa gefen wuyan: in har ƙafar ƙarfen da ke nutse cikin katako tana taɓa yatsa, tsukewa ce, kuma wataƙila lokacin dubawa sumul take. In ƙafar tana ciki amma kusurwar sama ce mai kaifi, ba a goge da kyau ba ne. Ko wanne ne, mai gyara zai bi su da ƙaramar magagari, kuma in an yi aikin lokacin da iska ta fi bushewa, da wuya ya dawo. Wannan ba ya cikin abin da nake mayar da jita saboda shi, har masu tsada suna yi.

Wani abin da ke rikita masu saye shi ne launin allon. Tun da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikin katakon rosewood a farkon 2017, kamfanoni da dama suka koma pau ferro da laurel na Indiya, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, wasu ba su koma ba. Waɗannan sun fi haske, laurel kuma yakan zo da alamar bushewa. Ɗigon man allo ya ishe shi.

Ƙugi

A nan labarin da ka bayar mai daɗi ne. Ƙugin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya yana nuna wayar at, wato mai zubar da lantarki zuwa ƙasa, da ke ƙarƙashin jaki tana haɗe. Jikin mutum yana tara hayaniyar lantarkin ɗaki, ta fitilu da caja da sauransu, yana watsa wa wayoyin jitar, da ka taɓa tsirkiya sai ta sami hanyar zubewa. Abin da jitarka ta rasa shi ne kariya a ramin wayoyi, wato fenti mai ɗaukar lantarki ko fallen jan ƙarfe da ake shimfiɗawa a haɗa da at. Masana'antu da yawa ba sa yi, ko su shafa fentin su manta haɗa shi. Rowa ce, ba lalacewa ba, kuma aikin yini ɗaya ne. In da a ce taɓawa ba ta canza komai, da sai a sa mita tsakanin jaki da notin soket a ga ko wayar ta kuɓuce. In kuma taɓawa ƙara ƙugin take, sau da yawa an juya wayoyin soket ne.

Ba ka faɗi irin fikof ɗinka ba. In biyu ne sirara irin na Jazz Bass, kowanne shi kaɗai yana ɗauko ƙugin wutar gida, mai kaɗawa 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa, sai an buɗe su duka biyu daidai suke kashe na juna. Haka aka tsara su. In rababbe ne irin wanda Precision ta koma tun 1957, ya kamata ya yi shiru da kansa. In mai batir ce, irin tsarin da bes mai suna StingRay ta yaɗa daga 1976, ka sa sabon batir mai bolt 9 kafin ka zargi komai, kuma ka riƙa zare waya in ka gama, don soket ɗin ne makunninsa. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in ka ji wuta tana cizonka a tsirkiya, laifin amfilifaya ne ko wayarin ɗaki, ka kashe nan take.

Sautin da ke mutuwa a firet na 6

Wannan tsohon sananne ne. Wuya yana da nasa kaɗawar, kuma a bes mai inci 34 irin ta Fender takan faɗo daidai da sautukan da ke tsakanin firet na 5 da na 7 a tsirkiyar G. In ka kaɗa wannan sauti, wuyan yana amsawa, ya shanye ƙarfin tsirkiyar, sai sautin ya mutu da wuri. Don ka tabbata, ka jingina kan jitar da jikin ƙofa ko bango ka sake kaɗawa. In sautin ya daɗe, shi ne. Ko ka sauke muryar G da rabin mataki: in matsalar ta koma firet na gaba, tana bin sauti ne, in ta tsaya a inda take, ƙarfen firet ne. Ƙara nauyi a kan jita, ko canza makullan tsirkiya zuwa marasa nauyi, yana gusar da wurin zuwa inda bai dame ka ba, amma ba ya kawar da shi. Maƙerin jita Ned Steinberger ya cire kan gabaki ɗaya ya yi wuya da garafait, wasu kuma suna dasa sandunan garafait cikin katako don ƙara tauri. Babu kamfanin da zai karɓi wannan a matsayin aibi, kuma in an canza maka wata, tana iya zuwa da nata, mai sauƙi ko mai tsanani. In kiɗanka yana yawan tsayawa a kan wannan sauti kuma mutuwar ta yi muni, dalili ne na ka zaɓi wata da kunnenka, ba na garanti ba.

Tsagun fenti, da hukunci

Fentin zamani mai kauri ne da tauri, katakon da ke gefen gurbin wuya kuwa siriri ne. Ɗan motsi kaɗan, fentin ya tsage a kusurwa. Ka riƙe gangar jiki ka ɗan matsa wuyan a hankali kana kallo. In tsagun ba ya buɗewa, kuma da aka cire wuya ba a ga ya ratsa katako daga ciki ba, na fenti ne kawai, zai iya shekaru a haka. Amma sabuwa ka saya, kuma irin wannan tabo shi ke sa a ware jita a sayar da ita a matsayin mai daraja ta biyu, don haka kana da bakin neman ragi. Tsagu a bayan kai kusa da matashi, ko a wuyan da aka manne da gam, ko allon da ya fara rabuwa da wuya, wannan wani zance ne, a mayar.

Batun jabu: babu ko ɗaya cikin abubuwa shidan nan da ke nuna haka, na asali ma suna zuwa da su. Ana gane jabu ta lambar da ke bayan kai in an tuntuɓi kamfanin da ita, da hatimin gindin wuya, da irin kayan ƙarfen da aka sa idan an gwada da bayanin samfurin.

Ban riƙe jitar a hannu ba, kuma murɗewar wuya da tudun ƙarshensa abubuwa ne da sai an auna. Amma bisa abin da ka faɗa, na fi zaton jita ce lafiyayya da ba a yi wa saiti ba. In wuya ya miƙe, sandar tana aiki da sauran wuri, jaki yana inda ya dace, ka riƙe ta, domin wadda za a canza maka daga layi ɗaya ta fito, kuma ba ka san wuyanta ba. Ka ɗauki hoton tsagun da na tazarar G da rula a kai, ka haɗa da lambar jitar ka aika wa mai sayarwa a rubuce tun wa'adin bai wuce ba, ka nemi ya ɗauki nauyin saiti da gyaran bakin firet ko ya yi ragi. In kuwa gwajin wuya ya faɗi ko da a abu ɗaya ne, ka mayar da ita yadda ta zo, da kwalinta da alankinta da katin dubawar, kada ka yarda a ce za a "ɗan gyara" maka, ka nemi canji ko kuɗinka.